Muryar Kawuna a Bakin Bajamushe

Shekarun baya, a shekarar da na gama jami'a ina zaune a gida a Funtua ina jiran a kira mu bautar ƙasa, na yi wani ɗan aiki da ban taɓa ba ku labarinsa ba. Kwanan nan wata daga cikinku ta tambaye ni me ya sa nake yawan rubutu a kan 'yan wasan kwaikwayo, alhali ni ko a makaranta ban taɓa hawa dandali ba. Amsar tana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri da ni.

Ina da kawu, yayan mahaifiyata, ɗan wasan kwaikwayo ne tun kafin a haife ni. A dandali ya fara, zamanin da ƙungiyarsu take zagaya Funtua da Malumfashi da ƙauyukan da ke tsakani a bayan motar auduga, su ɗaura labule a filin firamare su yi wasa har a kira magariba. Daga nan ya shiga talabijin, da kaset ya zo kuma ya shiga fim. Sai dai masu fim ba su taɓa ba shi abin da ya wuce tsohon ban dariya ba. Ya shigo da gemun auduga, ya yi ta surutu, ya faɗi ƙasa, a yi dariya. Da ya gaji da su, ko kuma da suka gaji da shi, bai taɓa gaya mana wanne ne ba, sai ya koma gonarsa kusa da Dayi ya kama noman masara. Kaset-kaset ɗinsa kuwa, waɗanda laimar damina ba ta lalata ba yara sun zare zarensu sun yi wasa da shi. Jikokinsa ba su taɓa ganin wasansa ba. Ni ma sai dai labari.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka ba ya kiran sunana. Uwata yake ce mini.

A ƙarshen daminar shekarar muryarsa ta fara dishewa. Aka ce mura ce, aka ce sanyin gona ne, aka yi ta citta da zuma, abu ya ƙi. Daga baya aka kai shi asibiti a Zariya. Ranar da mahaifiyata ta dawo daga rakiyar, ta zauna a kan tabarma ba ta ko cire mayafi ba ta ce mini, "Ƙari ne a maƙogwaro. Sai an yi masa aiki. Likita ya ce in Allah ya so zai tashi, amma muryar kada mu sa rai." An sa ranar aikin bayan an gama girbi.

Na daɗe ina juya maganar a raina. Mutumin da ya yi rayuwarsa da murya, ga shi za a karɓe ta, kuma babu ko guda ɗaya daga cikin wasanninsa da za mu kunna mu ce ga shi nan.

A lokacin ina ɗan taya wani abokin yayana aiki. Yana da shago kusa da kasuwa inda yake tura wa mutane finafinai a waya da memori, kuma yana fassara, wato ya ɗauko fim ɗin wata ƙasa ya cire maganar cikinsa ya ɗora Hausa. Finafinan Indiya manyan Kano sun riga sun kwashe, don haka shi kullum neman abin da ba a taɓa ba yake yi. A haka ya samo wani fim ɗin Jamus. Ya ga hoton wani tsoho da doguwar kwat a gefen jirgin ƙasa, ya ɗauka labarin 'yan leƙen asiri ne. Da muka kalla, ko mari ɗaya babu a ciki. Labarin wani tsoho ne da matarsa ta mutu, 'yarsa ta zo tana so ta ɗauke shi daga gidansa ta tafi da shi birni, shi kuma ba ya so. Mai shagon ya daɗe yana tsaki, amma ya riga ya sanar wa masu sayensa cewa sabon abu yana tafe.

Aikina shi ne in karanta Turancin da ke ƙasan hoto in rubuta Hausarsa. Kun san hali na. Bajamushe ya faɗi kalma biyu, ni kuma in rubuta masa cewa zuciyarsa ta zama kamar rumbun da aka gama cinyewa, iska kawai ke shiga tana fita. Mai shagon ya karanta ya dube ni.

"Malama, bakin mutumin nan sau biyu ya motsa. Ke kuma kin rubuta masa huɗubar Juma'a."

Na rage, ina jin kamar yatsana nake yankewa.

Muryar 'yar tsohon akwai mai yi, ta maƙwabta ma akwai. Ta tsohon ce ta gagara. Duk saurayin da ya gwada sai ya riƙa karkarwa da murya kamar tunkiyar da ta sha ruwan sama. A nan ne kawuna ya faɗo mini a rai. Na gaya wa mai shagon, ya ce in dai tsohon zai iya hawa mota ya zo, bismilla.

Kawu bai yi murna ba da na kai masa maganar. "Uwata, fuskar wani, bakina? Ni da na saba a gan ni?" Amma ranar kasuwa ya shigo Funtua sayen buhuna, na ja shi shagon na kunna masa fim ɗin a kwamfuta. Ba ya jin Jamusanci, ba ya karanta Turanci da sauri, kallo kawai yake yi. Can ya nuna allon da baki.

"Wannan daga dandali ya fito."

"Yaya aka yi ka sani, Kawu?"

"Dubi yadda yake shigowa ɗaki. Sai ya tsaya ya bari an gan shi kafin ya buɗe baki. Nemo mini labarinsa a wayar nan taki."

Na nemo, ina karantawa ina mayar masa da Hausa. An haifi mutumin a wani ƙaramin gari. Mahaifinsa ya so ya koyi sana'ar hannu, shi kuma ya gudu ya bi masu wasan dandali. Ya shafe ƙuruciyarsa daga gidan wasan wannan gari zuwa na wancan. Da ya shiga talabijin, kullum shi ne likita, ko ɗan sanda, ko maƙwabcin da ke leƙowa ta taga. Sai da ya tsufa aka ba shi wannan fim ɗin, shi ne kaɗai wanda ya ja daga farko har ƙarshe. Akwai layi ɗaya a ƙasa da na tsallake ban karanta masa ba.

"Yana da gona?" in ji Kawu.

"Ba su rubuta ba."

"To da me ya ci abinci lokacin da suka daina kiransa?"

Mai shagon ya yi dariya. Kawu bai yi ba. Ya ce a nuna masa inda zai zauna.

Ɗakin ɗaukar muryar wani ɗan lungu ne a bayan shagon, an manne bangonsa da soson katifa da kwalin ƙwai don kada hayaniyar kasuwa ta shigo. Kawu yana zuwa da safe a motar Malumfashi, ya yi abin da maƙogwaronsa ya yarda, in ya fara tari mu tsaya in miƙa masa ruwan ɗumi. Likita ya hana shi wahalar da murya, mahaifiyata kuma kullum sai ta tuna mini da hakan da ido ja. Amma dishewar nan da muke kuka da ita, ita ce ta zauna daram a bakin Bajamushen, kamar dama tasa ce. A ranar farko da na ji tsohon Bature ya buɗe baki ya ce wa 'yarsa, "Ajiye jakar nan, ba inda za ni," da muryar kawuna, sai da na fita waje na tsaya ina kallon masu sayar da rake har idona ya bushe.

Kawu ya fara kiransa abokina. "Yau me abokina ya ce?" "Mayar baya, abokina bai gama haɗiye yawu ba na riga shi magana." Mun ci fiye da rabin fim ɗin lafiya.

Sai muka zo wurin da ya kawo rigima. 'Yar ta gaya masa an riga an yanke shawara, gobe za su tafi, ta fita ta rufe ƙofa. Tsohon ya zauna a teburin kicin da dankalin Turawa a hannu ɗaya, wuƙa a ɗayan. Bai fere ba, bai ajiye ba. Kyamara ta tsaya a kansa ta ƙi tashi. Babu magana, babu kiɗa, har sai ka fara tunanin ko hoton ne ya maƙale.

Mai shagon ya tsayar. "Baba, a nan za ka cike mana. Ka yi kamar zuciyarsa ce ke magana. Ka ce, kai duniya, yau ni 'yata za ta ɗauka kamar buhun masara. Ka ɗan sa abin dariya, mutane su huta."

"Bakinsa a rufe yake," in ji Kawu.

"Na gani, Baba. Amma haka muke yi. Mutanenmu ba sa jure shiru a fassara. In na bar wurin nan haka, wallahi gobe za ka ga layi a ƙofar nan, kowa da memorinsa yana cewa na tura masa fim mai mataccen sauti."

"Sai ka gaya musu ba mutuwa ya yi ba."

"Mutum nawa zan gaya wa? Wanda ya saya ya tafi Danja fa? In bi shi a babur in yi masa bayani?"

Na sa baki na ce ko a sa ɗan kiɗan sarewa. Kawu ya yi mini wani kallo da ya sa na koma na gyara takardun da ba su buƙatar gyara. Mai shagon ya ce to shi ke nan, in Baba ba zai yi ba, zai sa ɗaya daga cikin ma'aikatansa ya kwaikwayi muryar ya cike wurin. Kawu ya cire abin sauraron da ke kunnensa ya ajiye a hankali, ya ɗauki hularsa.

"To ya ƙarasa muku sauran ma."

Ya fita. Bai dawo washegari ba, bai dawo ranar kasuwa ba.

Ba na so ku ɗauki mai shagon mugu. Yana da iyali, yana da masu aiki a ƙarƙashinsa, kuma abin da ya faɗa game da masu sayensa gaskiya ne. Ya jira iya jiransa, sannan ya ce mini, "Malama, ba a haɗa murya biyu a bakin mutum ɗaya. In Baba bai dawo ba, dole in goge nasa in sa wani ya ɗauka daga farko." A lokacin kuma an kusa gama girbi. Ranar asibiti tana matsowa.

Na shiga mota zuwa Dayi, daga bakin titi na hau babur zuwa gonar. Na same shi a ƙarƙashin ɗorawa, ga tulin masara a gabansa, yana ɓarewa yana jefawa gefe. Na gaishe shi, na zauna na ɗauki ɗaya ina taya shi, duk da cewa kafin in gama ɗaya ya gama huɗu.

"Mai kwalin ƙwai ne ya aiko ki?"

"Ni na aiko kaina, Kawu."

Ya ci gaba da ɓara. Can ya ce, "Rannan da kike karanta mini labarin abokina, kin tsaya kin haɗiye wani abu. Yana raye?"

"Ya mutu, Kawu. Ba a daɗe da fitar fim ɗin ba."

"Allah sarki." Ya juya masarar da ke hannunsa. "To kin gani. Ba shi da bakin da zai hana. Uwata, ni na san abin da ake nufi da a ce cike mana wurin nan. Shekara da shekaru abin da ake ce mini ke nan. Ban taɓa samun mai fim ɗin da ya yarda in zauna in yi shiru a kalle ni ba. Shi sai da gashinsa ya yi fari fat aka ba shi. Sai ni, ɗan'uwansa a sana'a, in zo in zuba masa surutu a kai?"

A hanya na shirya maganganu masu daɗi, har da misalin kogi da gaɓarsa. Duk suka gudu. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Kawu, ni ba don Bajamushe na zo ba. Za a goge. Duk abin da ka yi za a goge, kuma za a yi maka aiki, kuma ba mu da komai naka." Sai kuka ya ƙwace mini, irin mai majina, ba irin na cikin waƙoƙina ba.

Bai rarrashe ni ba. Ya bari na gama, ya miƙo mini gefen rawaninsa, na ƙi karɓa, ya yi murmushi.

"Haka uwata ta gaske take yi in tana so ta ci galaba a kaina." Ya jefa masarar da ke hannunsa gefe. "Je ki gaya wa mai kwalin ƙwai gobe ina tafe. Ba zan yi magana a wurin ba. Amma kada ya kashe mini makirufo."

Washegari ya zo da motar farko. Ya ce a maimaita masa wurin, aka maimaita, ya ce a sake. Na lura ba fuskar Bajamushen yake kallo ba, kafaɗunsa yake kallo, yadda suke hawa suna sauka. Sannan ya jawo makirufo har ya kusa taɓa leɓensa ya ɗaga wa mai shagon hannu.

Numfashi ya yi. Shi ke nan abin da ya yi. Kafaɗar tsohon ta hau, Kawu ya ja iska. Ta sauka, ya sake ta. Ciwon da ke maƙogwaronsa ya sa iskar tana fita da ɗan kaushi, kana jin ta sarai ko a ƙaramar waya. Akwai inda Bajamushen ya ɗan buɗe baki kamar zai kira 'yarsa, sai ya fasa. Kawu ya ja numfashin kiran, ya riƙe shi, ya riƙe, sannan ya bar shi ya zube ta hanci. Ni da na kalli wurin nan ba adadi ina rubutu, sai a ranar na gane cewa tsohon ya so ya kira ta.

Da aka gama, mai shagon ya mayar baya ya saurara shi kaɗai, ya cire abin kunnen ya rataya a wuya. Ya ɗan jima yana sosa gemu.

"To, an dai ji akwai mai rai a ciki. Ba wanda zai ce memori ne ya lalace." Ya juyo. "Baba, duk surutun da ka sha yi a fim, ashe numfashin ka fi iyawa."

"Ba wanda ya taɓa tambayata shi," in ji Kawu. "Kunna na gaba, abokina yana jira."

Muka ƙarasa sauran a 'yan kwanakin da suka rage, da ƙyar, da ruwan ɗumi, da faɗan mahaifiyata. Aka yi aikin a Zariya, Allah ya tashe shi. Muryar ba ta dawo ba. Abin da ya rage masa raɗa ce, sai ka matso kusa ka ji.

Fim ɗin bai yi wata kasuwa ba, kada in yi muku ƙarya. Samari sun ce babu faɗa, wani ma ya tambaya ko akwai kashi na biyu inda tsohon zai rama. Amma ba wanda ya dawo da memori. Mai shagon da kansa ya hau babur ya kai wa Kawu nasa har gida, aka kunna a tsakar gida jikoki suka kewaye. Ƙaramar cikinsu ta dubi allon, ta dubi kakanta, ta sake duban allon, sannan ta je ta leƙa bakinsa. Ya buɗe mata ta duba da kyau.

Idan na tuna wannan lokacin yanzu, abin da ya fi tsaya mini shi ne yadda kawuna ya kusa barin abu na ƙarshe da zai rage masa saboda mutuncin wani mutum da bai taɓa gani ba, wanda ba su haɗa harshe ko addini ko ƙasa ba, sai sana'a kawai. A lokacin haushi na ji, na ɗauka taurin kai ne irin na tsofaffi. Yanzu da na fara rubutu ana karantawa, ana kuma ce mini in ƙara kaza don mutane su so, na fi fahimtarsa. Har yau ban san wanda ya fi gaskiya tsakaninsa da mai shagon ba. Na dai san cewa duk ɗan wasan da na gani a gefen hoto, likita ne ko maƙwabci mai leƙe, sai in tsaya in nemi labarinsa, in ji daga ina ya taso, kuma ko an taɓa ba shi nasa wurin kafin ya tafi.

Kawu yana nan da ransa, yana noma, yana ba da umarni da tafi da nuni. Fim ɗin kuma yana cikin wayar kusan kowa a danginmu. Ni ban cika kunnawa ba, don ba na iyawa. Mahaifiyata ce ke kunnawa, kuma wuri ɗaya take nema kullum, inda tsohon yake yi wa 'yarsa faɗa don ta jefar masa da tsohuwar tukunya ba ta tambaye shi ba. Takan jingina wayar a jikin turmi tana tuƙa tuwo, muryar yayanta tana ta zuba faɗa daga bakin Bature. Ta ce tun suna yara haka yake mata, ko kalma ɗaya bai canza ba. In ya kai ƙarshe ya tsaya, sai ta buga muciya a bakin tukunya ta ce, "To Yaya, na ji. Ba zan sake ba." Sannan ta goge hannu a zani ta mayar da fim ɗin baya.